Bayan gobarar daji ta shiga kwaleji, wane aiki ke kan masallaci da coci?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san aikin agaji ce. Idan gobarar daji ta shiga harabar kwaleji ta cinye ɗakunan kwana da gidajen malamai, amma Allah Ya tsare rayuka, me ya rataya a wuyan limamin makaranta da fasto da ƙungiyoyin addini na ɗalibai? Addu'a kam kowa ya san da ita. Ina son jin abin da ke biye daki-daki, da inda aka fi tafka kuskure.

Injiniyan Gini:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Misalin da ya fi dacewa shi ne kwalejin Westmont da ke Montecito a jihar Kalifoniya, makarantar Kirista ce. Ranar 13 ga Nuwamban 2008 gobarar da ake kira Tea ta afka mata. Ɗaruruwan ɗalibai sun kwana a zauren wasanni yayin da wuta ke cin wasu ɗakunan kwana, da gine-ginen sassan lissafi da fiziks, da gidajen malamai sama da goma. A yankin baki ɗaya gidaje 210 suka ƙone.

Aikin farko ƙirgen mutane ne. Rajistar makaranta ba ta san wanda ya tafi gidan aboki ba, amma shugaban halkar karatu ko na rukunin nazarin Littafi Mai Tsarki ya san mutanensa goma. A ba kowane shugaba sunayensa, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta abu uku: ina ya kwana, wane magani yake sha da ya bari a ɗaki, waɗanne takardu suka ƙone. Ɗaliban ƙasashen waje su ne kan gaba, don fasfo da takardun biza ba sa samuwa a mako guda, kuma ba su da gidan iyaye kusa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tura matasa masu zafin nama su share toka. Tokar gini ba tokar itace ba ce. Akwai dalma daga tsohon fenti, da asbestos (wani kayan gini mai cutar da huhu), da ragowar roba da batura. Ginin da ya ƙone ƙurmus aikin ƙwararru ne, kada wani ɗan sa-kai ya taka ciki. Inda toka kawai ta sauka, kamar ɗakin ibadar da ya tsira, a sa takunkumin N95 mai tace ƙura da safar hannu, a yayyafa ruwa kaɗan kafin a kwashe, ba shara a bushe ba, ba kuma injin hura ganye ba. Darduma da kafet da labule suna riƙe hayaƙi, sai an zuƙe su da injin mai matatar HEPA, wadda ke kama ƙananan ƙura, ko a sauya su. Matatun na'urar sanyaya ɗaki ma a canza su kafin a tara jama'a.

Sai ruwan famfo. Bayan gobarar garin Santa Rosa ta 2017 da ta garin Paradise ta 2018 a Kalifoniya an sami sinadarin benzin (benzene) mai guba a bututun ruwan sha, domin idan ƙarfin ruwa ya faɗi bututu kan zuƙo hayaƙi, roba kuma kan lalace da zafi. Tafasawa ba ta magance shi, sai ma ta tashe shi cikin iskar ɗaki. Don haka sha da girki da alwala duk a yi su da ruwan da aka kawo daga waje, har hukumar ruwa ta gwada ta ba da izini.

Malama Mai Nasiha:
Injiniya ya gama da gini, bari in taɓa harshe. Huɗuba ko wa'azin makon farko na iya warkarwa, yana kuma iya barin tabo. Kada mai wa'azi ya ce wannan azaba ce saboda zunuban mutane. A sahu ɗaya akwai wanda ɗakinsa ya tsira da wanda littattafansa da kwamfutarsa suka zama gawayi, to me ka gaya wa na biyun? Haka ma "ai ka gode Allah da ranka", gaskiya ce, amma idan aka yi saurin faɗa sai ta toshe bakin mai son ya yi kuka. Abokan Ayuba sun zauna tare da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma ayar "innaa lillaahi" ba ta hana hawaye. Maganar wanda ya kunna wutar kuma a bar wa masu bincike, kada mimbari ya zama wurin jita-jita.

Lokutan ibada kada su motsa ko da wurin ya sauya. In Juma'a ƙarfe ɗaya ce, ta ci gaba da zama ƙarfe ɗaya, ko a filin ƙwallo ne. Wanda ya rasa ɗaki da jadawalin karatu yana bukatar abu ɗaya da bai canza ba. A nemi aron wuri da wuri, domin wurin ibadar ma na iya tafiya: gobarar Eaton ta Janairun 2025 a Kalifoniya ta ƙone Masallacin Al-Taqwa na Altadena da kuma wurin ibadar Yahudawa na Pasadena.

Abin da na fi so a kula da shi shi ne wata na uku zuwa na shida. A makonnin farko kowa na kawo abinci, ana rungumar juna. Daga baya 'yan jarida sun tafi, kamfanin inshora na jan ƙafa, malamin da ya rasa gida yana koyarwa daga ɗakin haya. A nan fushi da rashin barci ke fitowa. A raba wa kowane mai hasara mutum ɗaya da zai riƙa leƙa shi duk mako har shekara. Idan bayan wata guda mutum na ta mugun mafarki, yana firgita da ƙaurin hayaƙi, ya daina zuwa aji, ko ya ambaci kashe kansa, limami ko fasto ya kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da kansa. Na ƙarshen nan ba a jira ko kwana ɗaya.

Ma'aji:
Malama ta yi gaskiya. Ta fuskar kuɗi, don Allah kada a yi shelar a kawo tsofaffin tufafi. Cikin kwana biyu zaure zai cika da buhunan da ba mai lokacin tantancewa. Kuɗi ko katin sayayya sun fi, mutum ya sayi abin da ya dace da shi. A buɗe asusu guda, masu sa hannu biyu, a kuma riƙa lika bayanin shiga da fita duk wata ba tare da sunayen masu karɓa ba. Zakka a ware ta daban da sadakar gama-gari, tunda tana da mutanenta takwas a Suratut Tauba aya ta 60, ba a gyara rufi da ita. Kada a manta da masu shara da masu girki da masu gadi, albashinsu ne ke fara tsayawa idan an rufe makaranta. Kowa ya ɗauki hoton hasararsa kafin a taɓa komai, ya kuma adana rasit na masauki da abinci saboda inshora.

Injiniyan Gini:
Ƙari ɗaya, kada a ɗauka an gama da zarar wuta ta mutu. Tudun da ya ƙone ba ya shan ruwa. A Montecito ɗin nan, ranar 9 ga Janairun 2018, makonni kaɗan bayan gobarar Thomas, ruwan sama mai ƙarfi ya gangaro da laka da manyan duwatsu, mutum 23 suka rasu. Don haka kada a kafa rumfar salla ko ta taro a bakin rafi ko gindin tudu, kuma jerin sunayen nan na ƙirge a riƙe shi har damina ta wuce.

Ga matasan da aka hana shiga toka, akwai aikin da ya dace da su. Tartsatsin da iska ke ɗauko shi ne ke kunna yawancin gine-gine. Su kwashe busassun ganye daga rufi da indararo, su kawar da duk abin da ke cin wuta a tazarar mita ɗaya da rabi daga bango, a kuma toshe kafofin iska da ragar ƙarfe mai ido bai wuce milimita 3 ba. Dokar Kalifoniya ta wajabta sassabe har ƙafa 100, kusan mita 30, kewaye da gini, kuma aiki ne da ake maimaitawa kowace shekara kafin rani.