Ta yaya gwamnati ke ƙara filayen gina gidaje, alhali ƙasa ba ta ƙaruwa?

Mai_Nazari:
Assalamu alaikum. Kullum ana cewa gwamnatoci za su ƙara samar da filaye saboda buƙatar gidaje. Ga daji nan ko'ina a bayan gari, to me ya yi ƙaranci? Kuma wace hanya ce ta fi aiki? Masana a taimaka.

Mai_Awon_Fili:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ke ƙaranci shi ne filin da ya ginu: mai hanya, magudanar ruwa, famfo, lantarki da takardar mallaka wadda babu rigima a kanta. Dajin da babu waɗannan ba ya rage kuɗin haya ko kaɗan.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce haɗe gonakin bakin gari a sake yanka su. Hukuma za ta auna gonar kowa, ta haɗa su a taswira ɗaya, ta fitar da tituna da filin makaranta da asibiti, ta ware wasu fuloti ta sayar don biyan kuɗin aikin, sannan ta mayar wa kowa ragowar. A jihar Gujarat ta Indiya, ƙarƙashin dokar 1976, mai gona kan bar kusan kashi 40 cikin 100, ya karɓi saura. Filinsa ya ragu, amma darajarsa ta ƙaru tunda titi ya zo ƙofarsa. Da wannan tsari birnin Ahmedabad da ke jihar ya samu filin titin zobe, wato titin da ya kewaye garin, mai kilomita 76. Japan da Koriya ta Kudu ma sun gina manyan sassan biranensu da shi. Inda yake lalacewa shi ne idan rajistar filaye ba ta da inganci: ba a san mai gona ba, magada na jayayya, sai aiki ya tsaya a kotu. Shi ya sa rajista ke zuwa farko. Ruwanda ta yi wa filaye sama da miliyan 10 rajista tsakanin 2009 da 2013.

Hajiya_Tsarin_Gari:
Ina ƙara wani abu, ɗan'uwa. Kafin a fita daji, a duba dokar gini ta cikin gari. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Cire 3,000 na tituna, saura 7,000. Idan doka ta ce fuloti ba zai gaza murabba'in mita 450 ba, gida 15 za a samu. A sauke shi zuwa 200, sai a samu 35, kafin ma a yi maganar bene. Auckland ta Niyu Zilan ta sassauta dokar a kan kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zama a 2016, kuma izinin gini ya ƙaru sosai bayan haka. Sharaɗin kawai a faɗaɗa bututun ruwa da kwalbatoci tun kafin mutane su cika unguwar, in ba haka ba damina ɗaya za ta tona asiri.

Mai_Nazari:
Na gode, Hajiya. To cike teku don samar da fili fa, irin na Singafo da Hon Kon?

Injiniya_Ƙasa:
Yana aiki, amma shi ne mafi tsada. Sai an gina katangar teku, an zuba yashi, an jira ƙasa ta zauna, wani lokaci shekaru, domin lakar ƙarƙashi na ci gaba da nutsewa. Ga ɓarna ga masunta. Garin da ke da fili a bayansa ba ya buƙatarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne rabon fuloti kafin a kai tituna da ruwa. Jerin da ya dace: a kafa alamar manyan tituna, a haƙa magudanai, a shimfiɗa bututu, a samar da motar haya zuwa wuraren aiki, sannan a raba. Idan aka juya jerin, masu kuɗi ne ke saye su ajiye suna jiran tsada, talakan da ya samu kuma ya sayar ya koma kusa da sana'arsa. Maganinsa a rubuta wa'adin fara gini a takardar, a ɗora haraji a kan filin da aka bari babu gini, kuma a ƙwace wanda wa'adinsa ya wuce ko na waye.