Damina ta sauka ko ba ta sauka ba?

Mai na'ura, daga Gezawa: Assalamu alaikum. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da an yi ruwan farko a watan Mayu sai mutane su kwashi iri su zuba a ƙasa, rana ta buɗe ta ƙone tsiron, a dawo ana neman bashin wani irin. Ma'aunin ruwan da na kafa a gida yana nuna damina tana ƙara makara wajen sauka, amma in ka faɗa sai a ce kana ja da ikon Allah.

Malamin gona: Wa'alaikumus salam. Malam, me kake kira sauka? Ruwan farko daban, saukar damina daban. Ƙa'idar masu binciken noma a yankin Sahel ita ce a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, sannan kada ruwa ya ɗauke fiye da kwana 7 a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Ka ga ba a tabbatar da ranar sai bayan wata guda.

Dattijo daga Ringim: Ɗana, wannan ta takarda ce. Wane manomi ne zai zauna wata guda yana jiran tabbaci? Damina ta sauka in ka tona da safe ka tarar danshi ya kai taki guda, ka dunƙula ƙasar a hannu ta kama ba ta warwatse ba. Kuma jigawa da fadama ba ɗaya ba ne. Rairayi yana sha ya zurfafa, laka tana riƙewa a sama. Masu binne kuma a ina za ka sa su, tunda irinsu yana ƙasa tun kafin hadari ya haɗu?

Malamin gona: Allah ya ƙara girma, Baba, ba mu saɓa ba. Milimita 20 a rairayi kusan takin nan naka take jiƙawa. Inda gwajin hannu ya gaza, ba ya gaya maka abin da zai biyo baya.

Dattijo: To ita na'urar awon ruwan taku tana gaya muku?

Mai na'ura: Jama'a, ni maganar makara na kawo.

Mai gyaran sola daga Wudil: Yallaɓai, a ina ka dasa na'urar taka tukuna? In tana gindin katanga ko darbejiya, lissafinka ya lalace. Nisanta da bishiya ya kai aƙalla ninki biyu na tsayin bishiyar, bakinta kuma ya zauna daram ba karkace ba. Na'ura irin mai ɗan cokali a ciki, wanda yake rinjaya ya zubar in ya cika, duk rinjaya ɗaya yawanci milimita 0.2 ce. Ƙurar hunturu tana taruwa a mazurarin, ruwan farko ya dama ta ta toshe ramin, gizo-gizo kuma ya ɗaure cokalin da yana. Sai na'ura ta ce ba a yi ruwa ba alhali an kwana ana yi. Ko lafiyarta ƙalau, a ruwa mai ƙarfi tana ƙirga ƙasa da abin da ya zuba, domin wani yana wucewa lokacin da cokalin yake juyawa. Ka ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki kusa da ita, ka auna zurfin ruwan da rula da sassafe kafin rana ta shanye, ka kwatanta.

Mai na'ura: A kan rufin kwano take, babu abin da ya tare ta.

Mai gyaran sola: Nan ne iska ta fi kaɗa ɗigon ruwa ya tsallake bakin. Zafin da take nuna maka ma na kwano ne. Ma'aunin zafi ana sa shi a inuwa mai shan iska, mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga ƙasa.

Malamin gona: Kuma ba a yanke hukunci kan sauyin yanayi da 'yan shekaru, sai an tara 30. Bayan farin 1973 da na 1984 ruwa ya ɗan farfaɗo a Sahel, sai dai yanzu ya fi zuwa da ƙarfi a dunƙule.

Ɗan Hadejia: Ku kuna kukan makara, mu a 2022 ruwa ya cinye mana shinkafa da gidaje. Ku tambayi masu sako ruwan madatsun Tiga da Challawa.

Wani daga Bebeji: Haba ɗan'uwa, kullum Tiga. In dam ya cika dole ya zubar. Ciyawar kachalla ce ta toshe muku hanyoyin ruwa, ku share.

Ɗan Hadejia: Kachallar me ya kawo ta? Ba ruwan da kuke sakowa rani da damina ba ne ya hana kogi bushewa?

Shugaban zaure: A tsaya haka nan. Abin da na fahimta, an yarda cewa gwajin dattawa na tona ƙasa shi ne abin dogaro, har Malamin gona ya tabbatar da maganar Baba. Na'urar kan kwano a sauko da ita a wanke. Batun Tiga kuwa mu 'yan Jigawa mun san abin da muke gani, za mu ware masa rana.

Malamin gona: Ranka ya daɗe, ban ce haka ba. Na ce zurfin ne ya yi daidai.