Awon kwararar wuta a na'ura mai layi biyu, bolt +15 da bolt −15

Mai Gyara, Jidda: Assalamu alaikum. Na haɗa wa masallacin unguwarmu ƙaramar na'urar haɗa sauti, wutarta kuma tana fitowa ne daga taransifoma mai waya uku, 18-0-18 (bolt 18 a kowane gefe, sifili a tsakiya), sannan ta bi ta 7815 da 7915, ƙananan sassan da ke daidaita ƙarfin wuta zuwa bolt +15 da bolt −15. Da na taɓa 7815 na ji ɗumi a yatsana, sai na tsinke wayar tsakiya, wato ta sifili, na saka mita a wurin, amma abin da ta nuna bai wuce miliamfiya 3 ba. Ina wutar da ke ɗumama shi take bi, tunda ba ta bayyana a mitar ba?

Tsohon Injiniya, Madina: Wa alaikumus salam, ƙanena. Mitarka gaskiya ta faɗa, wurin da ka ɗora ta ne bai dace ba. Mafi yawan wutar tana fita ta layin +15, ta ratsa na'urar, ta koma ta layin −15 ba tare da ta taɓa wayar tsakiya ba, saboda haka bambancin da ke tsakanin layukan biyu ne kawai ke bi ta tsakiyar, kamar yadda dokar Kirchhoff ta tanada, wato duk wutar da ta shiga mahaɗa sai ta fita daga cikinta. Ka auna kowane layi shi kaɗai, bayan 7815 sannan bayan 7915. Sai dai ina roƙonka ka kashe wuta, ka bari kapasitocin, wato sassan da ke adana caji, su sauke cajinsu kafin ka tsinke kowace waya, domin idan layi ɗaya ya yanke alhali ɗayan yana raye, na'urar tana iya karkata gefe guda ta jefa wa lasifika wutar da za ta ƙona ta.

Ɗalibi, Makka: Malam, a ba ni dama in ƙara abu ɗaya. Ni nakan liƙa razista, wato abin da ke rage gudun wuta, mai om 1 a kowane layi in bar ta a nan dindindin, sai in auna ƙarfin wutar da ke tsakanin ƙafafunta biyu, kowane milibolt ɗaya yana nufin miliamfiya ɗaya. Ta haka ba a yanke komai, kuma fis ɗin mita ba ya shiga haɗari.

Mai Gyara, Jidda: Allah ya saka muku da alheri. Na bi shawarar razista bayan sallar la'asar, layin +15 ya nuna miliamfiya 48, layin −15 kuma 45, ga ukun nan da ta ruɗa ni ta fito fili. Da yake wajen bolt 24 ke shiga 7815, tana zubar da bolt 9, wato kusan rabin wat ke zama zafi, kuma a zafin Jidda wannan ya isa a ji shi a yatsa. Gobe zan ɗaura wa kowannensu farantin alminiyon nasa daban mai ɗauke zafi, domin ƙarfen da ke jikin bayan 7915 ba ya haɗe da sifili kamar na 7815.