Maƙwabciyarta Bayahudiya ta kawo mata taliya da biskit kyauta, ta ci ko ta zubar?

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka. Ƙanwata tana aure a Ingila, jiya da daddare ta kira ni wai maƙwabciyarta wata tsohuwa Bayahudiya ta kwankwasa mata ƙofa da kwali cike da taliya, biskit, fulawa har da burodi rabi, ta ce ta riƙe duka don idinsu ya zo ba a so su kwana a gidanta. Hajiya tunda ta ji hankalinta ya tashi, wai kar ta ci kar a yi mata wani abu. Ni dai na ce a bari in tambaya.

Na Barnawa:
Ɗan uwa ka kwantar wa Hajiya hankali, ba asiri ba ne. Idin Ƙetarewa ne, su suna ce masa Fesak, labarin yana Littafin Fitowa babi na 12. Bani Isra'ila sun bar Masar cikin gaggawa ƙullinsu bai samu ya tashi ba, shi ya sa har yau kwana 7, ko 8 ga waɗanda ke wajen Isra'ila, ba sa cin abin da ya kumbura.

Uwargida Malali:
Na zauna da su a Amurka shekaru, wallahi abin ya wuce yadda kuke zato. Ba yis kaɗai ba ne, duk abin da aka yi da alkama ko sha'ir da wasu hatsi uku danginsu, in ruwa ya taɓa garin ya wuce minti 18 ba a gasa ba to ya zama hames, haka suke kiransa, kuma ba ci kawai aka hana su ba har mallakarsa. Kenan a nan Kaduna da fanke da funkaso da alkaki da cincin duk sai sun bar gida. Na ga matar da muke bene ɗaya tana zazzage aljihun rigunan yaranta tana bin ƙasan kujerar mota saboda ɓurɓushin biskit, ta canza tukwane da faranti gaba ɗaya. Daren jajibiri a bi ɗaki ɗaki da kyandir da gashin tsuntsu ana nema, da safe a ƙona abin da aka samu. Ni abin ya burge ni gaskiya, mutum ya riƙe addininsa haka. Wanda kayansa ke da yawa sayar wa wanda ba Bayahude ba yake yi ta hannun malaminsu, bayan idi ya saye abinsa. Ita wannan baiwar Allah kyauta ta zaɓa, ƙanwarka ta yi mata godiya.

Ɗan Tudun Wada:
Ikon Allah. To anti su me suke ci a kwanakin?

Uwargida Malali:
Wani burodi fale-fale busasshe, matsa, gari da ruwa kawai. Sai nama, ƙwai, dankali. Yan asalin Turai har shinkafa da wake da gero suke bari, na ƙasashen Larabawa da yawansu suna cin shinkafa.

Almajirin Rigasa:
Malam taliya da fulawa ai babu matsala, Ma'ida aya ta 5 ta yi maganar abincin Ahlul Kitabi. Amma ta karanta jikin kwalin biskit ɗin, don kosha, wato abincin da ya halatta a addininsu, ba daidai yake da halal ba. Su giyar inabi halas ce a wurinsu, a daren idin ma kofi 4 suke sha. Su kuma raƙumi da zomo da tarwaɗa da muke ci haramun ne gare su, kifi sai mai ɓawo, kuma ba sa haɗa nama da nono ko a tukunya ɗaya. In babu giya a cikin kayan haɗin, ta yi bismillah ta dafa wa yara.

Ɗan Tudun Wada:
Allah Ya saka da alheri. Yanzu zan leƙa wajen Hajiya in karanta mata.