Oga ya ce mu koma RDA, me za mu yi da tsofaffin katin katalog?

Yar_Kofar_Soro:
Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan laburare. Dan Allah ina neman shawara. Wata takwas ke nan da fara aiki a sashen katalog na wani ɗakin karatu nan cikin Katsina, shekaranjiya oga ya dawo daga wokshop ya tara mu ya ce daga yanzu an bar AACR2, tsohuwar ƙa'idar rubuta bayanin littafi a katalog, sai sabuwar wato RDA, ya juya ya shige ofis, ba takarda ba bayani. Ni a makaranta AACR2 aka koya mana, RDA ɗin sau ɗaya malami ya ambace ta ana saura sati biyu jarabawa. Ga durowoyin kati cike, wasu ma da tafireta aka buga su tun ba a haife ni ba, ga kuma abin da muka riga muka shigar a Koha, manhajar laburaren da muke amfani da ita. Duk sai mun sake su ke nan? Wallahi tun ranar barcina bai cika ba.

TsohonMaiKatalog:
Wa alaikumussalam 'yata, kwantar da hankalinki. Ba wanda ya ce ki taɓa tsofaffin. Shi kanshi laburaren majalisar dokokin Amurka da ya koma RDA ranar 31 ga Maris 2013, har gobe katalog ɗinshi cike yake da bayanan AACR2, zaune suke tare lafiya lau. Sabon littafin da ya shigo hannunki shi za ki yi ma sabon tsari.

AACR2 tun 1978 take, lokacin da komai sai ya shiga ɗan ƙaramin kati, shi ya sa aka cika gajarce kalmomi. RDA ta fito 2010 don zamanin kwamfuta, wuri ba ya ƙarewa. To su s.l. da s.n. da muke sawa in ba a san garin da aka buga ko maɗaba'a ba an daina, sai ki rubuta a fili cewa ba a gano ba. Dokar nan ta marubuta in sun wuce uku a ɗauki na farko a bi shi da et al., wato da sauransu, ita ma ta tafi, kina iya jera su duka ki faɗi aikin kowa, wane marubuci wane mai fassara. A MARC kuwa, wato tsarin gurabe masu lamba da muke shigar da bayanin littafi a kwamfuta, bayanin bugu ya tashi daga gurbin 260 ya koma 264, sannan an ƙaro 336 da 337 da 338 masu faɗin abin rubutu ne ko sauti, da na'ura ake amfani da shi ko a'a, littafi ne ko faifai. Ki riƙe waɗannan tukuna, sauran a hankali.

DanDaura_Lib:
Baba ka yi bayani Allah ya saka, amma a faɗi gaskiya ita RDA Toolkit ɗin, wato shafin intanet da ƙa'idojin RDA suke ciki, fa biya ake duk shekara kuma da kuɗin waje, mu nan Daura wuta ma in ta zo awa biyu sai mu yi ta hamdala, data kuwa daga aljihuna nake sawa in jona kwamfutar ofis da wayata, to wa zai biya mana wannan? Kuma sun sake fasalinta a Disamba 2020, wanda ya saba da tsohuwar ma sai ya sake zama ɗalibi. Ni dabarata kawai, littafin waje in jawo bayaninshi ta Z39.50, hanyar kwafo bayanai daga katalog ɗin wasu laburarorin, a cikin Koha, in na ga an sa rda a gurbin 040 sai in zauna in kalli yadda suka cike kowane gurbi in kwaikwaya. Da haka na koya, ba wani wokshop.

Malama_Ajami:
Ƙanwata ni abin da ya sa nake son tsarin nan littattafanmu na gida ne, su ba za ki same su a Z39.50 ba sai dai ki yi da hannunki. Ɗauki Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaure. Akwai ita kanta wallafar, akwai ta da Larabci akwai fassarar Hausa, kowace da bugu iri-iri, sannan ga kwafin da ke kan kantarki wanda wani malami ya cika gefenshi da sharhi da tawadar allo. Matakai huɗu ke nan, kuma a kan wannan tunanin, mai suna FRBR, da ƙungiyar laburarori ta duniya IFLA ta fitar a 1998 aka fara gina RDA. Ɗalibi ya nemi ɗaya ya ga 'yan uwanta duka, maimakon a warwatse kamar ba su san juna ba.

Sai maganar ƙugiya. Ƙa'idar ita ce abin da kika gani shi za ki kwafa, ko da kuskure ne. In mai bugu ya rubuta "kasa" alhali ƙasa yake nufi, bar shi haka a 245, gurbin sunan littafi, ki sa mai ƙugiyar a 246, gurbin wani salon sunan, duk ta inda aka nema a samu. Na taɓa ganin wata ɗaliba ta yi sati tana zarya neman littafin da ke gabanta a kan kantar littattafai saboda wannan ɗan lanƙwasan kaɗai, ranar abin ya tsaya mani a rai ƙwarai.

Yar_Kofar_Soro:
Na gode Baba, na gode Anti, Allah ya bar zumunci. Yanzu haka kwali guda ne a gefen teburina na littattafan Hausa irin na kasuwa, bangonsu duk ya naɗe, ba shekara ba gari sai lambar wayar mai shago a baya. Shekarar fa ya zan yi da ita?

TsohonMaiKatalog:
Ki ƙiyasta, ki sa a baka mai kusurwa da alamar tambaya, kamar [2005?]. Lambar wayar ma hujja ce, in ta GSM ce kin san bai riga 2001 fitowa ba, shekarar da GSM ta shigo Najeriya ke nan. Duba shafin godiya da tallan littattafai na ƙarshe, marubutan kan saki kwanan wata a can. Ki yi guda biyar ki ɗauko hotonsu ki turo nan mu duba tare kafin ki kai ma oga.