Neman kalma: me za mu kira manyan rukunonin tsirrai da Hausa?

1/ Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina koyar da ilimin halittu a sakandare. Duk shekara in muka zo babin rabe-raben tsirrai, sai in ga yara suna haddace burayofayit da jimnosifam, su zuba a takardar jarrabawa, amma in ka fita da su bakin gona ba su iya nuna maka ko ɗaya. Na yi ƙoƙarin samo sunayen Hausa. Ga inda na tsaya, a gyara mini.

2/ Sharaɗina guda ne: sunan ya faɗi alamar da ta raba rukunin da sauran. Haka aka gina na asali da Girkanci, inda jimnosifam ke nufin iri tsirara, anjiyosifam kuma iri a cikin mazubi.

3/ Matsala ta farko gansakuka ce. Abu biyu muke kira da ita. Akwai koren nan mai santsi da ke kwanciya a kan kududdufi, akwai kuma mai laushi kamar karammiski da ke fitowa a jikin tsohuwar katanga in damina ta yi tsakiya. Tsuguna ka dubi ta biyun da kyau, za ka ga 'yan ganyayyaki ƙanana da wani siririn kara mai ɗan kai. Ita ce burayofayit. Ba ta da jijiyoyin da ke kai ruwa sama, shi ya sa ba ta tsawo, ba ta kuma nisa da danshi. Na ce a kira ta farko gansakukar ruwa, ta biyu gansakukar tudu, rukunin ta biyun kuma marasa jijiya. Sun kai nau'i wajen 20,000.

4/ Teridofayit suna da jijiya amma ba su yin iri. A nan muna da tsohuwar kalma, agugu, maganin tsutsar ciki, wanda Baturen nan masanin tsirrai Dalziel ya rubuta a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Sai mu ce dangin agugu. Ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa da ke bayan ganyensu, daga nan wata ƙura ke zuba, da ita suke yaɗuwa. Wani abokin aikina ya ce a kira ta bununi. Ban yarda ba, don bununi na masu iri ne, aikinsa barbara. Ƙurar tsiro nake cewa.

5/ Jimnosifam ba su da yawa, nau'i 1,000 da 'yan kai ne, su itacen fayin irin wanda aka dasa a Filato. Irinsu a kan ɓawon kunso yake zaune, babu ɗan itace da ya lulluɓe shi. Masu iri tsirara ita ce fassara daidai, amma masu iri a fili ta fi daɗin faɗa a aji, kuma ma'anar ba ta ragu ba.

6/ Anjiyosifam kuwa masu fure, shi ke nan. Su ne mafi yawa, wajen 300,000. Yara kan ce ai gero ba ya fure. Yana yi. Bununin nan da ke lulluɓe zangarniya daga ƙananan furanni yake fitowa.

7/ Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne kason masu fure gida biyu, monokot da dayikot, wanda John Ray na Ingila ya fayyace tun 1682. Maganar a kan ganyen farko ce da ke cikin ƙwayar iri, ɗaya ne ko biyu. Da farko na ce masu ɓari ɗaya da masu ɓari biyu, don kowa ya san in ka murza gyaɗa sai ta rabe biyu, masara kuwa ba ta rabewa. Sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, ɓari ɗaya ai rabin abu ne, ina ɗayan ya tafi?" Gaskiyarta. Ƙwayar masara cikakkiya ce, ba a cire mata kome ba.

8/ Daga nan na koma ga kunne. 'Yan'uwanmu na Nijar kunne suke ce wa ganye. Shuka wake ka leƙa bayan 'yan kwanaki, za ka gan shi ya ɗago ƙasa da kunnuwa biyu masu kauri, ɓarin ƙwayar ne da kansu. Albasa kuwa guda ɗaya take turowa, a lanƙwashe kamar gwiwa, kafin ya miƙe. Don haka na tsaya a kan masu kunne ɗaya da masu kunne biyu. Abin lura: a gero da dawa kunnen na ainihi yana zama cikin ƙwayar a ƙasa, tsinin da ake gani ya fito ba shi ba ne.

9/ Gero, shinkafa, rake, aya, ayaba, dabino, giginya da goriba duk gidan kunne ɗaya ne: layukan ganye a jere, saiwa bazu-bazu ba uwa. Kuka, tsamiya, auduga, kuɓewa da rogo kunne biyu ne. Doya ce ke ruɗa mutane, ganyenta faffaɗa mai layuka kamar raga, amma kunne ɗaya gare ta. Kainuwa ma, duk da a kan ruwa take yawo, ba gansakuka ba ce, tana da ɗan fure a ɓoye tsakanin ganyenta.

10/ Wanda ya rage mini shi ne bado. Kunnensa biyu, amma tsarin da masana suka fitar bisa ƙwayoyin gado ya nuna reshensa ya rabu tun kafin waɗancan gidaje biyu su rabu da juna. A allo ina rubuta masa tsofaffin masu fure. Malaman Sakkwato, Katsina, Maraɗi da Damagaram, in kuna da wadda ta fi wannan, ku kawo.