Me ya sa sauti ya fi gudu a ruwan teku alhali ya fi ruwan daɗi nauyi?

Ɗalibin Zango:

Assalamu alaikum, malamai da ƴan'uwa. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na lise a nan Damagaram. A darasin fiziks na makon jiya an rubuta mana cewa sauti ya fi gudu a ruwan teku fiye da ruwan daɗi, kuma maganar ta ƙi shiga kaina, domin a wannan darasin aka koya mana cewa ƙaruwar nauyi tana rage saurin sauti, ga shi kuwa litar ruwan teku ta fi litar ruwan rijiya nauyi saboda gishirin da ke cikinta. Ban taɓa ganin teku ba, iyakata tafkin Gidimuni, don haka ina roƙon masana su warware mini wannan ƙulli kafin jarrabawa.

Malamin Fiziks:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ba ka yi kuskure ba, sai dai rabin ƙa'idar ka riƙe ka saki rabi. Sauti turi ne da ƙwayoyin abu ke miƙa wa juna, kowace ta ture ta kusa da ita, kuma abu biyu ne ke yanke saurinsa: nauyin abin, da kuma taurinsa, wato yadda yake ƙin matsuwa idan an danne shi. Da nauyi kaɗai ne alƙali, da iska ce ta ɗaya, tun da ta fi ruwa rashin nauyi kusan sau 800, amma a zafin digiri 20 sauti yana yin mita 343 ne kawai a sakan cikin iska, alhali a ruwan daɗi yana yin kimanin mita 1,482.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowane kilo. Wannan gishiri yana ƙara wa ruwan nauyi da kusan kashi 3 cikin 100, amma yana ƙara masa tauri da kusan kashi 8. Dalili shi ne idan gishiri ya narke yakan rabu zuwa ƙwayoyi masu cajin lantarki, kowace ta janyo ƙwayoyin ruwa su manne mata kam-kam, sai ruwan ya zama kamar buhun audugar da aka riga aka danƙare, wanda ko ka hau kansa ba ya ƙara lotsawa. Taurin ya rinjayi nauyin ke nan, shi ya sa a wannan zafi na digiri 20 sauti yake yin kimanin mita 1,522 a ruwan teku. Tazarar mita 40 ce a sakan, ba ta ma cika kashi 3 cikin 100 ba.

Ma'aunin Madatsai:

Allah ya ƙara wa Malam sani. Ni aikina auna zurfin ruwa ne da na'urar da ke aika sauti ƙasa ta jira amsa-kuwwarsa, kuma ina so in ƙara wa ƙanena abin da littafi yakan ambata a gurguje, ko da yake shi ya fi damunmu a bakin aiki: zafin ruwa ya fi gishiri tasiri. Giram guda na gishiri a kilon ruwa yana ƙara ɗan abin da ya haura mita 1 a sakan, amma digiri guda na zafi yana ƙara kusan mita 3, a ruwa mai tsananin sanyi ma ya wuce mita 4. Saboda haka tafkin da ranar watan Afrilu ta gasa har ya kai digiri 30 yana kai sauti da saurin kimanin mita 1,509, ya tsere wa ruwan teku mai digiri 10, wanda bai wuce mita 1,490 ba. Duk wanda ya ce maka ruwan teku ya fi, ka tambaye shi a wane zafi, in ba haka ba maganarsa gurguwa ce.

Yawancin na'urorin nan suna zuwa ne an saita su a kan saurin mita 1,500 a sakan. Idan ka tsoma irinta a ruwan daɗi mai digiri 20 ba ka gyara ba, zurfin mita 10 zai fito maka da ƙarin santimita 12, kuma ga mai lissafin ruwan da ya rage wa gari a madatsa, wannan ba abin wasa ba ne. A teku akwai na uku, wato dannin ruwan sama, wanda ke ƙara kusan mita 17 a sakan a kowane zurfin kilomita guda. Tun da sanyi yana rage saurin yayin da ake nutsawa, danni kuma yana ƙara shi, akwai wani tsagi a wajen zurfin mita 1,000 inda saurin ya fi ƙanƙanta, sautin da ya shiga nan yakan maƙale ciki ya yi tafiyar dubban kilomita. Masana kimiyyar teku biyu, Maurice Ewing da Worzel, su ne suka gwada haka a 1944.

Ɗalibin Zango:

Na gode, Malam, na gode, Yaya. Yanzu na gane inda na ɓata. Shin zan iya gwada abin a gida, in narka gishirin Bilma a randa guda, in bar ɗayar da ruwan famfo?

Malamin Fiziks:

Gishirin zai yi aikinsa, ɗana, kunnenka ne ba zai kama ba. A tazarar mita guda bambancin lokacin bai kai kashi 20 cikin miliyan na sakan ba, randa kuwa ba ta ma kai mita ba. Shi ya sa a 1826 masana kimiyya biyu, Colladon da Sturm, da suka so auna saurin sauti a ruwa, suka nemi tazarar da ta haura kilomita 13 a tafkin Janeba na ƙasar Suwis: a jirgi guda aka buga ƙararrawa a ƙarƙashin ruwa tare da kunna albarushi, mai sauraro a ɗaya jirgin ya ƙirga lokacin da ke tsakanin ganin walƙiya da jin amon, suka samu mita 1,435 a ruwa mai digiri 8, adadin da ya yi kusa ƙwarai da na na'urorin zamani. Abu guda kuma ka kiyaye a takardar jarrabawa, kada ka haɗa sauri da nisa. Wasu gishirin teku, musamman magniziyom salfet, suna shanye ƙarfin siririn sauti, don haka irin wannan sauti ya fi saurin dushewa a teku fiye da a ruwan daɗi, ko da yake a tekun ya fi gudu.